Yadda ake zaɓen kayak na kamun kifi, daga Dadin Kowa har ruwan gishiri

Mu nan Gombe da Bauchi ba mu da teku. Ruwanmu shi ne kogin Gongola da madatsun da aka gina: Dadin Kowa a ƙaramar hukumar Yamaltu Deba, Balanga can kudancin Gombe, sai Gubi da ke shayar da garin Bauchi. Amma ƙannenmu da 'ya'yanmu sun cika Legas da Fatakwal da Kalaba, wani aiki ya kai shi, wani kasuwanci, kuma duk wanda ya tashi da fatsa a hannu ba ya ganin ruwa ya kau da kai. Shi ya sa tunda bidiyon ƙaramin kwale-kwalen roba na mutum ɗaya, wanda ake kira kayak, ya fara yawo a YouTube da Facebook, samari ke tambaya: wanne zan saya da zai yi mini aiki a dam idan ina gida, ya kuma yi mini a ruwan gishiri idan na koma kudu?

Akwai irinsa. Sharaɗin dai shi ne ka zaɓa da ruwan gishiri a ranka tun daga farko. Jirgin da ya iya ruwan gishiri zai iya Dadin Kowa ba tare da wata matsala ba. Wanda aka ƙera don kwantaccen tafki kuwa, ranar da ya haɗu da raƙuman ruwa zai iya jawo maka abin da ba a fata.

Mataki na farko: san ruwan da za ka shiga

Kafin ka buɗe hoton jirgi ko ɗaya, zauna ka faɗa wa kanka gaskiya game da inda za ka riƙa zuwa. Ruwan gishiri ba iri ɗaya ba ne. Akwai tafkin Legas da ake kira lagun, da rafukan da suka miƙa wajen Badagry da Epe, inda ruwan kogi ke gaurayuwa da na teku. Da damina gishirinsa kan ragu sosai, da rani ya ƙaru. Nan ba a cika samun manyan raƙuman ruwa ba, amma akwai jiragen fasinja masu inji da ke wucewa a guje su bar maka toroƙo, akwai kuma wata irin kainuwa mai shunayyar fure da kan toshe hanya. Sannan akwai buɗaɗɗen tekun Atlantika, inda kafin ka kai wurin kifi sai ka ratsa ruwan da ke karyewa a bakin gaɓa, in za ka dawo ma ka sake ratsa shi, kuma dawowar ta fi fitar wuya.

Abu biyu ne ɗan Arewa bai saba da su ba. Na ɗaya, ruwan teku yana cika ya janye sau biyu cikin awa 24 da minti 50. A dam ruwa sai ya yi watanni kafin ka ga ya ja baya, a can kuwa wurin da ka shiga da hantsi ruwa iya ƙugu, kana iya dawowa da azahar ka tarar da taɓo. Lokacin janyewar, ruwan lagun yana kwarara zuwa teku ta mashigar da manyan jiragen Apapa ke bi, da ƙarfin da hannun mai tuƙi ba zai iya ja da shi ba. Wannan mashiga ba wurin kayak ba ce sam. Na biyu shi ne gishirin kansa: kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da kusan giram 35, kuma shi ne zai riƙa cin duk wani ƙarfe da ke jikin jirginka.

Ni a ganina, wanda bai taɓa tuƙa kayak ba ya manta da buɗaɗɗen teku tukuna. Ya koya a dam, ya wuce lagun, teku ta jira sai ya samu wanda ya san ta ya raka shi.

Mataki na biyu: na zama a sama, ba na shiga ciki ba

Asalin kayak na mutanen Inuwit ne, can yankin ƙanƙara na arewacin duniya. Da fatar dabbar teku suke lulluɓe ƙirar itace ko ta ƙashi, su bar rami ɗaya da mutum zai zura ƙafafunsa don kada sanyi ya kashe shi. Har yanzu ana yin wannan samfurin na shiga ciki, kuma yana da sauri da rashin nauyi. Matsalarsa ita ce idan ya kife, ramin nan ya cika da ruwa, ba za ka iya komawa ciki ka ci gaba da tafiya ba sai ka kwashe ruwan, alhali kana lilo a tsakiyar ruwa.

Ɗaya samfurin rufaffe ne gaba ɗaya, cikinsa iska, kai kuma kana zaune a bisansa. A wurin zama da wurin ƙafa akwai ramuka da suka huda daga sama har ƙasa. Sabon shiga yakan gan su ya ce jirgin a fashe yake, alhali su ne ke ceton rai: duk ruwan da ya watso sama ta nan yake zurarewa ya koma inda ya fito. Idan ya kife, ka juyo shi ka haye, shi ke nan. Ga masunci kuma yana da fili, kana iya juyawa ka ɗauko kaya a baya, ka sauke ƙafafu ta gefe ka ja kifi. Mu da ba sanyin ƙanƙara ke damunmu ba, ban ga dalilin da zai sa mai niyyar shiga ruwan gishiri ya sayi na shiga ciki ba.

Akwai na hurawa da famfo, wanda ake naɗewa a sa a buhu. Na san yana jan hankalin mai tafiya tsakanin Gombe da Legas, don zai shiga but ɗin mota. Amma ka tuna me za ka ɗora a kai: ƙugiya, wuƙa, da kifi mai ƙaya. Wanda ƙayar kurungu ko ta tarwaɗa ta taɓa soka ya san abin da nake nufi. Ƙari a kan haka iska tana tura shi fiye da na roba mai tauri, kuma a rafukan kudu jikin turaku da saiwoyin itatuwa cike yake da ɓawon halittun ruwa mai yanka kamar reza. In ba shi kaɗai ne hanyarka ba, bar shi.

Mataki na uku: tsawo, faɗi da ƙirar ciki

Nan ne ya kamata ka daɗe kana tunani, domin duk sauran abubuwan ana iya ƙarawa ko canzawa daga baya, ƙirar jirgi kuwa yadda ka saya haka za ka zauna da ita.

Masu sayarwa da ƙafa da inci suke faɗin awo. Jiragen kamun kifi galibi suna tsakanin ƙafa 10 zuwa 14, wato daga mita 3 zuwa mita 4 da 'yan kai. Gajere yana da sauƙin juyawa da sauƙin ɗauka, amma ba ya riƙe hanya: ka tuƙa ta dama hancinsa ya karkata hagu, ka tuƙa ta hagu ya karkata dama, rabin ƙarfinka ya tafi a banza. A ƙaramin rafi ba komai. A faɗin ruwa irin na Dadin Kowa, ko a lagun da iska ta taso tana bugun ƙirjinka, za ka gaji kafin ka kai gaɓa. Dogo yana tsaga ruwa ya tafi sak, ya fi sauri, amma ya fi nauyi kuma ya fi wuyar ɗorawa a mota. Ga wanda ke neman jirgi ɗaya na dam da na gishiri, ƙafa 12 zuwa 13 ita ce tsaka-tsakin da nake ba da shawara. Ƙasa da 12 ya yi kaɗan.

Faɗi kuma ya kan kama daga inci 28 zuwa 36. Kowa yana son mai faɗi, domin da ka zauna za ka ji shi daram, har ka iya miƙewa tsaye ka wurga fatsa. Amma tsayuwar jirgi iri biyu ce, kuma mai sayarwa ɗaya kawai zai nuna maka. Akwai tsayuwarsa a kwantaccen ruwa, wadda mai shimfiɗaɗɗen ciki ya fi kowa. Akwai kuma tsayuwarsa idan ya karkata. Mai shimfiɗaɗɗen ciki yana bin fuskar ruwa ne, to idan raƙumin ruwa ya zo ta gefe, fuskar ruwan ta karkace, shi ma sai ya karkace tare da ita, kuma idan ya wuce iyakarsa ba ya yi maka gargaɗi, tashi ɗaya yake juyewa. Wanda cikinsa ya ɗan yi kumburi, da ƙashin baya a tsakiya kamar harafin V, da farko za ka ji yana rawa a ƙarƙashinka, amma idan ya karkata sai ka ji ya cije, ya bar ruwan ya wuce ta ƙasansa. A ruwa mai motsi wannan ta biyun ake nema. Inci 30 zuwa 33 ya ishi yawancin mutane.

Sai ka tsuguna ka dubi jirgin ta gefe a ƙasa mai daidai. Hancinsa ya ɗaga sama ko ya kwanta? Mai ɗagaggen hanci yana hawa kan raƙumin ruwa, mai kwantaccen hanci yana nutsa kai cikinsa ya watso maka ruwa a cinya. In kana da niyyar fita ta bakin teku wata rana, ɗagaggen hanci dole ne.

Kujera ma tana cikin wannan lissafi. Na zamani suna zuwa da kujera mai ƙafar alminiyam da ake ɗagawa ko saukarwa. Tana da daɗi ga mai ciwon baya, kuma tana raba ka da jiƙewa, amma duk incin da ka ɗaga, ka ƙara wa jirgin saurin karkata. Nemi wadda za ka iya saukarwa ƙasa idan ruwa ya fara motsi.

Mataki na huɗu: lissafin nauyi

Kowane kayak yana da adadin nauyin da kamfani ya rubuta zai ɗauka, sau da yawa da fam. Fam ɗaya bai kai rabin kilo ba, giram 454 ne. Wannan adadi iyaka ce ta ƙarshe, ba wurin zama ba. Masu harkar suna cewa kada ka wuce kashi 70 cikin ɗari nasa, domin daga nan jirgi yake fara nutsewa, ruwa ya riƙa ɓuɓɓugowa ta ramukan nan maimakon ya fita.

Ga misali. A ce nauyinka kilo 75. Kula da ƙanƙara kilo 15, ruwan sha da guzuri 5, sandunan fatsa da akwatin ƙugiyoyi da dalma 7, anga da igiyarta 3, sannan ka bar wa kifin da kake roƙon Allah ya ba ka kilo 15. Ka tashi da kilo 120. Raba shi da 0.7, za ka samu kilo 171 da ɗoriya, kusan fam 380. Ke nan jirgin da aka rubuta wa fam 400 kake nema, ba na 300 ba, ko da mai shago ya rantse maka ya ga ƙato a kansa.

Kada ka manta nauyin jirgin shi kansa. Na kamun kifi ba ya rasa kilo 25 zuwa 45, masu feda, wato waɗanda ake tuƙawa da ƙafa, suna wuce haka. Gwada ɗaga shi kai kaɗai a shagon. Jirgin da sai ka nemi mutum biyu kafin ka sauke shi, a bayan ɗaki zai ƙare.

Mataki na biyar: da me aka yi shi

Yawancinsu da robar foliyetilin ake yi, irin robar tankunan ruwan da ake ɗorawa a saman gidaje, kuma hanyar ƙirar ma ɗaya ce: a zuba garin roba cikin mazubi, a riƙa juya shi cikin wuta har ya narke ya bi bango, ya fito guda ɗaya babu haɗi. Wannan roba tana jure duka, ka ja ta a kan tsakuwa, ka buge kututturen da ke ɓoye cikin dam, sai dai ta ƙarje. Gishiri ba ya yi mata komai. Maƙiyinta rana ce. Akwai kuma na faiba, mara nauyi mai santsi, amma yana tsagewa idan ya bugi dutse, kuma ya fi tsada. Ga irin gaɓarmu, roba ta fi.

Inda gishiri ke shiga shi ne ƙananan abubuwa. Bi jirgin da ido da yatsa tun daga hanci har wutsiya: kusoshin da suka riƙe hannayen ɗauka, maƙalan kujera, wayar da ke jan akalar baya, wato abin da ke juya jirgin daga wutsiya, zoben ɗaure igiya. Duk ya zamanto ƙarfen sitenles ne, ko tagulla, ko roba mai ƙarfi. Sitenles ma hawa-hawa ne, mai lamba 316 ya fi mai lamba 304 jure gishiri. Sa ƙaramin maganaɗisu a aljihunka. Kusar da ya cafke da ƙarfi, ka yi mata zaton baƙin ƙarfe ne aka shafa wa ƙyalli, wata biyu a lagun za ka ga jan hawayen tsatsa na bin jikin jirgin. Ka kuma lura da inda kusar sitenles ta shiga alminiyam, kamar a ƙafar kujera. Idan ruwan gishiri ya zauna tsakaninsu, alminiyam ɗin ne ke ruɓewa, ya fitar da wani farin gari, kusar ta kafe. Ɗan man giris a wurin tun ranar farko yana maganin wannan.

Launi: ɗauki mai ɗaukar ido, rawaya, ruwan lemo ko ja. Masu launin kakin soja suna da kyau a hoto, amma direban jirgi mai inji ba zai hango ka ba sai ya zo kanka, balle a hazon hunturu. Kifi bai damu da launin jirginka ba.

Mataki na shida: filafili ko feda

A 1997 kamfanin Hobie na Amurka ya fito da kayak da ake tuƙawa da ƙafa, da wasu fukafukai biyu a ƙarƙashi. Daga baya wasu kamfanoni irin su Old Town suka yi nasu mai farfela. Amfaninsa a fili yake: hannayenka biyu suna kan fatsa, ƙafa kuma ta fi hannu juriya, don haka za ka fi iya ja da iska da kwararar ruwa.

Duk da haka ga ɗan'uwana da zai sayi na farko, filafili nake zaɓa masa. Na feda yana iya ninka kuɗin, ga nauyi, ga sarƙa da ƙananan ƙarafa da gishiri da yashi ke shiga. Ciyawa da kainuwa da tsohuwar ragar da masunta suka yar duk suna naɗe farfela. In wani abu ya karye a ciki, ba a kasuwar Gombe ko Wunti za ka samu madadinsa ba, sai ka yi oda da dala ka zauna jira. Wanda yake da hali ya saya, amma ya riƙa tafiya da filafili a gefe ko da yaushe.

Filafilin kayak mai baki biyu ne, ba irin na kwale-kwalen katako ba. Ga jirgi mai faɗin inci 30 zuwa 33, mai tsawon santimita 230 zuwa 250 ya dace, gwargwadon tsayinka da tudun kujera. Kada ka yi masa rowa. Za ka ɗaga shi sau dubbai a wuni, don haka mara nauyi ya cancanci kuɗinsa. Ka ɗaure shi da siririyar igiya a jikin jirgi, domin lokacin da babban kifi ya ja, filafili ne abu na farko da mutum ke saki.

Sauran kayan ƙawa, wurin soka sanda, layin maƙala na'ura, akwatin gaba, kada su ruɗe ka. Maƙalin sanda biyu a baya da fili na ajiye kula sun isa farawa. Abin da za ka duba da kyau shi ne murfin ma'ajiyar, ya rufe gam da robar bakinsa lafiya, domin ta nan ruwa ke shiga cikin jirgi idan ya kife.

Mataki na bakwai: idan na hannu ne

Yawancin waɗanda za ka samu a Najeriya 'yan kwatano ne, ko waɗanda wuraren shaƙatawa suka gaji da su. Ba laifi ba ne, robar tana daɗewa, amma sai an duba.

Kifa shi ka fara da wutsiya, inda ake jan sa a ƙasa. Danna da babban yatsa, in ya lotsa kamar galan, robar ta sirance. Ƙarzuwa ba komai ba ce, tsaga ce matsala, kuma inda ta fi ɓuya shi ne cikin ramukan zurarar ruwa da ƙarƙashin kujera. Kai shi inuwa mai duhu, ka zura tocila ta ma'ajiya ka rufe, ka zagaya kana kallo: duk inda haske ya fito fiye da sauran jikin, nan ne rauni. Shafa bayansa da tafin hannu. In launin ya koɗe kuma wani gari-gari ya biyo hannunka, rana ta cinye shi, kuma irin wannan roba ba ta da gyara. Dubi cikinsa ko akwai faffaɗar loɓawa a tsakiya, alamar an daɗe da ɗaure shi tamau a rana. Ƙarama takan miƙe, babba tana hana shi tafiya daidai.

Waɗanda aka yi a Amurka suna da lamba mai harufa da alƙaluma 12 a jikin wutsiya ta ɓangaren dama, biyun ƙarshe su ne shekarar samfurin. Da ita za ka san shekarunsa ba sai an faɗa maka ba.

Ka sani kuma gam ba ya kama foliyetilin. In ya tsage, liƙin wuta ake yi masa da roba irin tasa, kamar yadda masu liƙin jarka da bokiti suke yi. Tsohon liƙi a saman jirgi ba abin tsoro ba ne in an yi shi da kyau. A cikin ramukan ruwa kuwa, ka haƙura da jirgin.

Mataki na takwas: sa shi a ruwa kafin ka amince da shi

In mai shi yana kusa da ruwa, ka ce masa, "Alhaji, a yi mini alfarma in ɗan zauna a kansa tukuna, in ya so sai mu yi ciniki." Mai kaya mai kyau ba ya ƙin wannan. In kuwa daga nesa aka turo maka, to gwajin farko a gida za ka yi shi, kuma Dadin Kowa makaranta ce mai kyau. Dam ne da aka kammala a 1984 a kan Gongola, kimanin kilomita 37 gabas da Gombe, yana da faɗin da iska ke iya tayar da ruwa har ka ɗanɗana abin da ke jiran ka a kudu.

Kada ka sauke jirgi ka faɗa ruwa kamar na gidanku. Nemi Sarkin Ruwa ko dattawan masuntan wurin, ka gaishe su. "Ranka ya daɗe, baƙo ne ni, ina so in koyi tuƙa wannan, ina ne ya dace in shiga?" Su suka san inda aka shimfiɗa kalli da mamari, kada ka je ka tsinka wa mutum abincinsa. Su suka san inda dorina ke kwana, kuma dorina tana nan a wannan ruwa, ba labari ba ne. Tana kifar da babban kwale-kwalen katako, balle robar kilo 30. Ka nisanci bangon dam da ƙofofin sakin ruwa da wajen injinan lantarki.

Gwajin kansa ga yadda yake. Sa rigar kariya ka ɗaure ta, ka samu wani ya tsaya kusa da kai da kwale-kwale. A ruwa iya ƙirji, zauna ka karkata dama da hagu a hankali har ka gane inda jirgin ke cijewa da inda yake sallamawa. Juya ka taɓa bayan kujera kamar za ka ɗauko kifi a kula. Tuƙa shi cikin iska, ka ba ta gefe, ka ba ta baya. Sannan ka matsa inda ƙafarka ba ta taɓa ƙasa, ka kifar da shi da gangan. Miƙa hannu ta kan cikinsa ka kamo gefen can, ka jawo shi ya juyo. Kama hannun tsakiya, ka bar ƙafafunka su taso bayanka kamar mai iyo, ka yi harbi ɗaya ka ɗora cikinka a kan kujera, ka mirgina ka zauna, sannan ka shigo da ƙafafu. Ka maimaita har ya zame maka jiki, ka kuma yi shi da kaya a kai. Jirgin da ka kasa hawa daga cikin ruwa bai dace da kai ba, komai kyansa, kuma gara ka gano haka a gaban mutane. Bayan ka fito, buɗe toshiyar wutsiya ka ɗaga hancin. Ruwa kamar kofi ɗaya ba komai, in ya kai bokiti akwai inda yake yoyo.

Wata magana a gefe: ruwan dam yana iya ɗauke da tsargiya, ruwan teku ba ya ɗauke da ita. Bayan irin wannan gwaji ka yi wanka da sabulu ka goge jiki, in ka ga jini a fitsari daga baya ka je asibiti. A ranakun kamun kifi a dam kana iya toshe ramukan wurin zama don kada ka wuni cikin ruwa. A ruwan gishiri mai motsi kuwa ka bar su a buɗe.

Abin da za ka saya tare da shi a rana ɗaya

Rigar kariya tana cikin kuɗin jirgi. In kuɗinka bai kai duka biyun ba, to bai kai na jirgi ba. Mun sha jin kifewar kwale-kwale a kogunan Arewa, kuma kusan kullum za ka ji waɗanda suka rasu ba su sa riga ba. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta tarayya, NIWA, ta wajabta ta, ta kuma hana tafiyar dare, a Legas ma hukumar hanyoyin ruwa ta jihar, LASWA, tana kula da hakan. "Ai na iya ruwa" ba hujja ba ce, gwanin iyo ma yana suma idan jirgi ya buge shi a ka. Nemi irin ta masu tuƙi, mai faɗin hammata, ka rataya mata usur da ƙaramar wuƙa ta yanke igiya.

Sai tuta mai launi a kan dogon sanda a bayan kujera, jakar roba ta waya da za ka rataya a jikinka ba a jirgi ba, ƙaramar anga mai kamar kilo ɗaya da rabi, malafa, da ruwan sha fiye da yadda kake zato. Anga kuma ta hanci ko ta wutsiya ake ɗaure ta. In ka ɗaure ta gefe a ruwa mai gudu, za ta kifar da kai.

Kafin ka shiga ruwan gishiri duba jadawalin cika da janyewar ruwa a wayarka, ka tambayi masuntan wurin kamar yadda ka tambayi na gida. Ka kiyayi iskar da ke tasowa daga tudu ta nufi teku, wadda aka fi samu da sassafe da lokacin hunturu. Tana kwantar da ruwan bakin gaɓa ya yi lumui, ta tura ka waje ba ka sani ba. Tsakiyar damina kuma teku ta fi hauka. Ka faɗa wa wani inda za ka da lokacin dawowarka.

Ɗauka da ajiya

Tsakanin Gombe da Legas ya fi kilomita 1,000, kuma a wannan tafiya jirgi ya fi lalacewa fiye da a ruwa. A saman mota kifa shi ko ka kwantar da shi ta gefe bisa abu mai laushi, ka ɗaure da faffaɗan maɗauri biyu, da igiya a hanci da wutsiya. Kada ka matse har robar ta lotsa, zafin rana zai gasa ta a haka. In a babbar mota za ka sa, ka tsaya da kanka ka ga ba a ɗora masa buhuna ba.

Duk ranar da ka fito daga ruwan gishiri, kafin ya bushe ka wanke shi da ruwan famfo: kujera, kusoshi, akala, filafili, injin fatsa, har zif ɗin rigar kariya. Bar ma'ajiyar a buɗe ta sha iska. Ajiye shi a inuwa, a kife bisa katako biyu ko a rataye da faffaɗan maɗauri, ba ta hannayen ɗauka ba. In rumfa ce babu bango, rufa masa tampol amma ka bar tazara tsakaninsu don zafi ya riƙa fita, ka kuma toshe bakin ma'ajiyar da raga saboda ɓera da maciji.